Yadda ake gane kan kibiya na dutsen ƙanƙara, da yadda mutanen zamanin dutse suka ƙera shi

Duwatsu masu tsini da kusurwa uku ba su da iyaka a doron ƙasa, kuma mafi yawansu hannun mutum bai taɓa su ba. Sanyi ne ya fasa wasu, garma ta ɓantare wasu, wasu kuma ruwa ne ya gara su har suka gwabzu da juna. Don haka mai son gane kan kibiya na zamanin dutse kada ya fara da siffa, siffa tana yaudara. Ya fara da tabon da ke jikin dutsen, domin kowane bugu da maƙeri ya yi yana barin shaida, kuma shaidar tana nan ko bayan shekaru 5,000.

Ƙanƙara, wato dutsen nan da ake ƙyasta wuta da shi, silika ne kusan zalla, wato sinadarin da ke cikin yashi, ana samunsa dunƙule-dunƙule a cikin alli. Taurinsa ya kai wajen 7 a ma'aunin Mohs na taurin duwatsu, mai mataki 1 zuwa 10, yana karce gilashi. Ba shi da layin da zai bi ya tsage, inda aka aika ƙarfin bugu nan tsagar take bi. Abin da za a faɗa a nan ya shafi danginsa ma, irin su baƙin gilashin da ake samu wajen dutse mai aman wuta.

Kayan aiki

Na dubawa: gilashin ƙara girma na hannu mai ninki 10, ƙaramar tocila, rula mai milimita, sikelin da ke auna giram, burushin haƙori mai laushi, ƙananan ledoji masu zif, takarda da fensir, da waya mai kyamara da nuna wuri. In babu gilashin, ɗauki hoto kusa-kusa ka buɗa shi a fuskar wayar.

Na gwada ƙira: dunƙulen ƙanƙara, duwatsun bugu masu santsi guda biyu (ɗaya ya cika tafin hannu, ɗaya rabinsa), gudumar ƙahon barewa mai rassa, tsinken matsi na reshen wannan ƙahon, dutse mai kaushi na gogawa, fata mai kauri ta ɗorawa a cinya da wata ƙarama ta tafin hannu, tabarau na kariya, bandeji, da tamfol. Ƙahon saniya ba ya wannan aikin, domin yana da kogo kuma ya yi laushi. Ƙahon barewa mai rassa ƙashi ne. In ba ka same shi ba, katako mai nauyi da tauri zai maye gurbin guduma, ƙusar tagulla da aka kafa a ƙota kuma ta maye gurbin tsinke. Ƙusar ƙarfe tana zamewa tana farfasa baki, bar ta sai in ba wata.

Kashi na farko: ganewa

1. Rubuta wurin kafin ka ɗauka. Ɗauki hoton dutsen a inda yake kwance, da rula a gefensa, ka rubuta lambobin wurin da kwanan wata a takarda, ka sa takardar cikin leda ɗaya da dutsen. Kan kibiyar da ba a san inda ya fito ba ya rasa mafi yawan amfaninsa ga masu binciken kufai. Kada ka haƙa ƙasa. Ka nemi izinin mai fili, ka kuma san dokar ƙasar, domin a ƙasashe da yawa haramun ne a ɗauki kayan tarihi ko a fitar da su waje ba da izini ba. A Ingila da Wales akwai tsarin hukuma tun 1997 na yi wa irin waɗannan tsintuwa rajista.

2. Duba kafin ka wanke. Sa gilashi ka leƙa gindin. In ka ga baƙin abu a manne kamar kwalta, kada ruwa ya taɓa shi, yana iya zama ragowar danƙon da aka liƙa shi a sanda da shi, kuma wannan ya fi dutsen kansa wuyar samu. In babu, wanke da ruwa zalla da burushi a hankali. Ban da sabulu mai ƙarfi, ban da mai, ban da kankara da wuƙa ko allura, domin ƙarfe yana barin layi mai ƙyalli da zai sa a zaci jabu ne.

3. Nemi shaidar bugu. A nan aikin yake. Idan mutum ya bugi ƙanƙara ya ɓalle ɓantare, ɓantaren yana fitowa da fuska biyu: baya, mai ɓawon alli ko tabon tsofaffin bugu, da ciki, mai santsi. A saman ciki akwai ɗan fili inda guduma ta sauka. Dab da shi akwai ƙullutu, ɗan kumburi da yatsa ke ji tun kafin ido ya gani. Daga ƙullutun ne layuka ke bazuwa zuwa ƙasa, kamar zobban da ke tashi idan ka jefa tsakuwa a ruwa, kuma bayan kowane zobe yana fuskantar inda bugun ya nufa. Wani lokaci za ka ga ɗan sili ya ɓalle daga kan ƙullutun, shi ma alamar bugu ne.

A kan kibiyar da aka gama gyarawa fuska biyu, sau da yawa maƙeri ya riga ya share ƙullutun. Kada hakan ya rikita ka. Kowane ƙaramin tabo da ke jikinsa gurbin wani ɗan ɓantare ne, yana da ɗan rami a bakin dutsen inda ƙullutun ya fita, da nasa zobba masu shiga tsakiya.

4. Haska daga gefe. Kashe fitilar ɗaki, kwantar da tocila kusan daidai da teburi yadda haske zai shafi fuskar dutsen, ka riƙa juya shi. Aikin hannu yana da tsari: tabo ƙanana, masu kusan faɗi ɗaya, milimita 2 zuwa 4, jere da juna, kowanne ya ɗan hau kan na gefensa, duk sun taso daga baki sun nufi tsakiya. Sannan ka ɗaga shi ka dubi bakin ta tsaye. Wanda aka gyara ta fuska biyu bakinsa yana tafiya a tsakiyar kaurin, da ɗan lanƙwasa hagu da dama inda aka riƙa juya shi. Ka dubi tsinin kai-tsaye kuma: tsakiya ta fi kauri, gefuna biyu sun sirance daidai.

5. Auna. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, duk da haka sa rula. Yawancin kawunan kibiya tsawonsu santimita 2 zuwa 5 ne, kauri milimita 2 zuwa 5, nauyi 'yan giram kaɗan. Wuyan da ke shiga sanda ba ya cika wuce santimita 1, domin sandar kibiya ba ta fi haka kauri ba. Abin da ya kai santimita 8 ko 10, mai nauyi, ya fi kusa da kan mashi ko wuƙa. Kuskuren ɗaukar kan mashi a matsayin kan kibiya ya yawaita. Tsinayen da ake kira Clovis na Amurka ta Arewa, masu shekaru wajen 13,000, na mashi ne, domin baka bai yaɗu a yawancin wannan nahiyar ba sai dubban shekaru bayansu. Haka tsinaye masu wutsiya, wato wuyan da ke shiga sanda, da aka fara bayyanawa daga Bir el Ater a Aljeriya, sun girmi kawunan kibiyar Sahara da dubun dubatar shekaru, kuma sun fi su kauri da kaushin aiki.

6. Kawar da masu kama da shi. Fashewar sanyi ba ta da wurin bugu, ba ta da ƙullutu a baki. Tana barin rami zagayayye, kuma zobbanta suna kewaye wani ɗigo a tsakiyar fuskar, alamar tsagar daga ciki ta taso. Ɓarnar garma ba ta da tsari: tabo ɗaya babba, biyu ƙanana, sai gurbi, baki a murƙushe, wani lokaci da shafin tsatsa. Launi ma yana tona ta. Ƙanƙarar da ta daɗe a ƙasa fatarta tana sauyawa, ta yi fari ko shuɗi-shuɗi a ƙasa mai alli, ta yi ruwan ƙasa inda akwai ƙarfe. In tabon ya ratsa wannan fata ya nuna baƙin ciki, to ya zo daga baya. Wuta kuma tana sa dutsen ya yi toka-toka da ƙananan tsagogi ko'ina. Sai ƙanƙarar bindiga, wadda aka yi ta ƙerawa daga ƙarni na 17 zuwa na 19: mai kusurwa huɗu ce, mai kauri, gefunanta a daddatse, bakinta a daddauje saboda dukan ƙarfe.

7. Dubi rauninsa. Kibiyar da aka harba ta sami ƙashi ko itace, tsininta yakan karye ta wata hanya ta daban: dogon sili ya ɓalle daga tsini ya gangaro kan fuska ko ya bi gefe. Tsagar da ta ratsa tsakiya a miƙe ba ta nuna harbi, tana iya zama taku ne ko kuskuren maƙeri.

8. Sai yanzu ka koma ga siffa. Kowane yanki yana da nasa jeri, don haka kada ka ɗauki shekarun wata nahiya ka ɗora wa wata. Na Biritaniya ya isa misali. Mafarauta da suka rayu kafin noma sun yi amfani da 'yan ƙananan silla, santimita 1 zuwa 3, waɗanda aka dakushe gefe ɗaya, ana jera da yawa a sanda guda. Daga wajen shekara ta 4000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tare da manoman farko, sai mai siffar ganye ya bayyana, siriri, ba wutsiya ba kunne, wato ɗan tsinin gefen gindi da ke kallon baya kamar ƙugiya. Bayansa aka yi mai faɗin baki, wanda ba shi da tsini sam, kaifin ɓantaren ne a gaba, an gyara gefuna biyu kawai. Wannan shi masu koyo suka fi jefarwa, suna zaton ɓarɓashi ne. Akwai kuma mai kunne ɗaya a karkace. Daga wajen 2500 zuwa 1500 kafin Miladiyya sai mai wutsiya a tsakiya da kunnuwa biyu. Mutumin da aka tono kabarinsa a Amesbury, a kudancin Ingila, a 2002, wanda ya rayu wajen 2300 kafin Miladiyya, an binne shi da irin wannan guda 16. A Sahara kuwa, lokacin da take da tafkuna da ciyayi, mutanen yankin Tenere na Nijar sun bar masu rami a gindi, masu wutsiya, da masu haƙora a gefe, aikinsu da kyau ƙwarai.

9. Yi hattara da jabu. Sana'ar ta daɗe, tun ƙarni na 19 wani Edward Simpson ya yi suna a Ingila wajen sayar wa masu tara kayan tarihi ƙirar hannunsa. Da gilashi, nemi ɗigon jan tagulla a cikin lungun kunnuwa, wanda tsinken tagulla na maƙeran zamani ke bari. Nemi ƙananan ɓawo farare da suka tsage amma ba su faɗi ba, waɗanda shekaru a cikin ƙasa kan kakkaɓe. Nemi fili mai santsi ɗaya tak da layukan zarto a tsakiyar fuska. Tsohon abu kaifinsa ya ɗan kwanta, ƙasa ta shige lungunansa ta zauna. Wanda aka shafa wa laka jiya, ruwa zai wanke ta tas. In shakka ta rage, kai shi gidan adana kayan tarihi tare da takardar wurin.

Kashi na biyu: ƙira

Wanda ya taɓa fasa ƙanƙara da hannunsa ya fi saurin karanta tabo, shi ya sa nake ganin kowane mai koyo ya gwada. Yi aikin a waje inda iska ke kaɗawa, domin ƙurar silika tana lalata huhu, kuma ta kashe maƙeran ƙanƙarar bindiga da yawa a garin Brandon na Ingila. Sa tabarau tun bugun farko, sa dogon wando da takalmi rufaffe.

1. Zaɓi dutse. Riƙe dunƙulen ka ƙwanƙwasa shi. Lafiyayye yana ƙara siririya, mai tsaga a ciki muryarsa a dushe take. Wanda ya daɗe a fili sanyi ya riga ya ɓata shi, dalilin da ya sa mutanen Grimes Graves a Ingila, wajen 2600 kafin Miladiyya, suka haƙa ramuka har zurfin mita 12 da ƙahon barewa don su kai ga baƙar ƙanƙara ta ƙasa. Wasu duwatsun masu kaushi ana gasa su a hankali cikin yashi ƙarƙashin wuta don su yi sauƙin ɓallewa, dabarar da aka samu shaidarta a Afirka ta Kudu tun fiye da shekaru 70,000. Kada ka jefa ƙanƙara cikin wuta kai-tsaye, fashewa take yi tana watsa silla.

2. Ɓalle ɓantare. Ɗora dunƙulen a cinya bisa fata. Nemi gefe inda saman da za ka buga da fuskar da za ta ɓalle suka haɗu a kusurwar da ba ta kai digiri 90 ba, wajen 70 ya fi. In ta wuce 90, ko ka yini kana duka babu abin da zai fita sai farin tabo. Saukar da dutsen bugu milimita 5 zuwa 8 daga baki, a karkace, ka bar hannunka ya wuce da bugun. Nauyin dutsen ne ke aiki, ba ƙarfin damtse ba. Kana neman ɓantare shimfiɗaɗɗe, mai tsawon santimita 5 ko 6, wanda bai lanƙwashe ba. Lanƙwasasshe ka ajiye shi don yanka, ba zai miƙe ba.

3. Fitar da siffa. Da gudumar ƙaho ko ƙaramin dutse, rage gefuna har ya zama mai kusurwa uku ko siffar ganye. Yawanci ɓangaren ƙullutu, da yake shi ne mai kauri, shi ake fara ragewa. Tallafe dutsen gaba ɗaya da yatsu. In ka bugi ƙarshe ɗaya alhali ɗayan yana lilo, girgizar za ta karya shi a tsakiya.

4. Goge baki kafin kowane zagaye. Baki mai kaifi ba ya ɗaukar matsi, murƙushewa yake yi. Goga shi da dutse mai kaushi har ya daina yankan yatsa. Sannan ka lura da layin tsakiyar kaurin: wurin da za ka matsa ya kasance a kan layin ko ƙasa da shi kaɗan, ta ɓangaren fuskar da za ka cire wa. Masu koyo suna tsallake wannan mataki, sai su yi ta mamakin yadda dutsen ke ƙanƙancewa amma kaurinsa na nan.

5. Matsa. Shimfiɗa fata a tafin hagu, ɗora dutsen ka danne shi da yatsu, ka jingina bayan hannun a cikin cinya. Kafa bakin tsinken a wurin da ka goge. Fara tura ƙarfi cikin dutsen, ta inda kake son ɓantaren ya bi, har ka ji ya taru, sannan ka karya shi ƙasa da sauri. Za ka ji ƙas, ɗan siriri ya faɗo a fata daga fuskar ƙasa. Matsa gaba milimita 2 ko 3, ka kafa a kan tudun da tabon farko ya bari, domin tsaga tudu take bi. Gama gefe, juya, goge, sake. In ka danna ƙasa kawai ba ka tura ciki ba, ɓantaren zai fito gajere. In ƙarfin ya gaza a hanya, tsagar za ta tsaya ta bar mataki, kuma duk wanda ya biyo zai tsaya a wurin. Kada ka nace daga gefe ɗaya, cire matakin daga ɗaya gefen da ɓantare mai tsawo. Kakkaɓe fatar a kai a kai, sili ɗaya a ƙarƙashi ya isa ya huda tafin hannu.

An samu irin wannan tsinken matsi tare da Otzi, mutumin da aka tsinci gawarsa a daskare a tsaunukan Alps a 1991, wanda ya rayu wajen 3300 kafin Miladiyya: guntun itace mai tsawon santimita 12 da tsinken ƙaho a kafe a tsakiyarsa. A kwarinsa akwai kibau 14, biyu ne kawai aka gama. A 2001 hoton asibiti ya nuna kan kibiya na ƙanƙara a kafaɗarsa ta hagu.

6. Yanke kunnuwa a ƙarshe, bayan gindin ya sirance sosai. Feƙe tsinken ya yi faɗi kaɗan kamar bakin sukuddireba. Cire ɗan ɓantare ɗaya a wurin lungun, juya dutsen, goge cikin lungun, cire wani daga ɗaya fuskar, haka har ya kai zurfin milimita 4 ko 5. Yi lungunan biyu tare, kaɗan nan kaɗan can. Kada tsinken ya taɓa gefen lungun, a nan kunne yake karyewa. In cikin lungun ya yi tsaye ya murƙushe, ya mutu ke nan, sai dai ka faɗaɗa bakinsa ka sake shiga.

7. Ɗaurawa. Ana tsaga kan sandar, a zuba danƙo mai ɗumi, a zura wutsiyar, a juya sandar a tafin hannu a ga tsinin bai karkace ba, sannan a naɗe da jijiyar dabba jiƙaƙƙiya, wadda ke tsukewa idan ta bushe. A Turai danƙon ɓawon bishiyar birch aka fi amfani da shi, shi ne a kibau na Otzi. A kogon Sibudu na Afirka ta Kudu an samu ragowar danƙo a jikin ƙananan duwatsu masu shekaru fiye da 60,000, waɗanda ake ɗauka cikin tsofaffin shaidun harbi da baka. In ba ka da wannan danƙon, narka ƙaron itace da ɗan kakin zuma da garin gawayi. Ƙaro zalla yana bushewa ya farfashe da harbin farko.

8. Kwashe ɓarɓashinka. Tabon da ka yi yau da na shekaru 4,000 iri ɗaya ne, kuma wanda zai tono wurin nan gaba zai iya ruɗewa. Yi aikin a kan tamfol, tattara komai, ka zubar tare da sharar zamani ko ka binne shi da kwalba da tsabar kuɗi mai shekara. Kan kibiyar da ka ƙera kuma ka rubuta masa shekarar da tawada marar gogewa, ka ajiye shi a akwati dabam da na waɗanda aka tsinto.